Darasi: Alherin Da Ake Yi Wa Wanda Ba A Sani Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan alherin da ake yi wa baƙo ne, wato mutumin da ba danginki ba, ba maƙwabcinki ba, ba ki taɓa ganinsa ba, wataƙila kuma ba za ki ƙara ganinsa ba. Gudummawar da muke kai wa juna ranar biki da suna tana da kyau, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabinta bashi ne: kin kawo mini, in kai miki. Ita kuwa matar da ta tsaya a ƙofarki tana roƙon ruwan sha ba ta da ranar da za ta rama miki.

Idan kin duba aya ta 36 a Suratun Nisa'i, za ki ga an jero waɗanda aka umurce mu da kyautata musu, kuma bayan iyaye da dangi da marayu da miskinai, har da maƙwabci na nesa, da abokin zama a gefe, da ɗan hanya. Malamai sun ce abokin zama a gefe ya haɗa da wanda tafiya ta haɗa ku. Ke nan matar da kuka matsu a kujera ɗaya daga Talata Mafara zuwa Gusau tana da haƙƙi a kanki. Ɗan hanya kuma yana cikin mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ko da mai dukiya ne a garinsu, matuƙar guzurinsa ya yanke. Akwai kuma hadisin Abu Huraira da aka kira mu mata Musulmi da sunanmu, aka hana mu raina kyautar da za mu aika wa maƙwabciya, ko da ƙofaton akuya ne.

Mu mutanen wannan yanki ai bai kamata a koya mana darajar baƙo ba. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, aka tayar da mutane daga inda aka binne cibiyarsu, aka mai da su sababbin matsugunai irin Sabon Maradun. A watan Afrilu na 1980 rikicin diyyar gonaki ya kai ga 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta a Birnin Tudu, aka yi asarar rayuka. Tambayi tsofaffin gidanku. Wanda ya gudu a irin wannan rana, duk ƙofar da ya samu a buɗe nan yake faɗawa, babu wanda yake tsayawa tambayar dangantaka.

Ga shi abin ya dawo ta wata fuska. Matsalar 'yan bindiga ta raba dubban iyalai da ƙauyukansu. A 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 40,000 daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, akasarinsu mata da yara. Waɗanda suka fara karɓar su talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne, masu rumbun da bai cika ba, suka raba ɗaki da tukunya da su. A watan Satumba na 2021 kuma, da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, kin tuna yadda saƙo ya koma hannun direba da matafiyi? Mutum ya rubuta lambar ɗansa a takarda ya miƙa wa wanda bai sani ba, ya ce in ka isa inda akwai sabis ka ce masa muna lafiya.

To me za ki iya yi, ke da kike cikin gida? Fara da ruwa. Iyayenmu sun saba ajiye randa da moɗa a zaure ko gindin bishiyar ƙofar gida, musamman ranar Talata da 'yan kasuwa ke wucewa. Ki sa yaro ya riƙa cika ta, a rufe bakinta, a wanke moɗar kullum, domin randar da aka bari a buɗe lokacin amai da gudawa cuta za ta raba, ba lada ba. Idan baƙuwa ta shigo da yaro yana zawo, kafin a kai shi asibiti ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ki ƙara gishirin da sunan ƙauna.

Asibiti kuwa nan ne babbar gonar wannan aiki. Duk wadda ta taɓa jinya ta san matar gadon kusa, wadda aka kawo daga ƙauye da zani ɗaya, babu mai kawo mata abinci. Zuba mata kunu daga filas ɗinki, riƙe mata jariri ta je ta yi alwala, karanta mata takardar magani idan ba ta iya boko ba, nuna mata inda ake yankar kati. Kuma don Allah a bar yawan tambaya. Matar da ta baro garinsu da dare ba ta bukatar a tsare ta da "ina mijinki?" a gaban mutane. In ta so za ta faɗa. Haka nan masu ɗaukar hoton wanda suka ba sadaka su sa a Facebook ko WhatsApp, wallahi ni ban ga abin da ya rage wa mai karɓa ba in an ba shi kwano ɗaya an kwashe mutuncinsa.

Na san abin da ke ran wasunku: zamani ya lalace, ana maganar masu kai wa ɓarayin daji rahoto, wa zai buɗe wa baƙo ƙofa? Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma ba a ce ki yi sakaci ba. Namiji baƙo iyakarsa zaure ko waje, yaro ya miƙa masa ruwa da tuwo. Kada ki ba da labarin inda maigida ya tafi, ko yaushe zai dawo, ko yawan dabbobinku. Idan kwana ake nema, wannan maganar maigida ce, shi kuma ya sanar da mai unguwa ko liman. Sai dai kada tsoro ya sa ki yanke wa mutum hukunci saboda harshensa ko kamanninsa. Bafulatanar da ta shigo da ƙwaryar nono, wataƙila ita ma an kore mata shanu, an kashe mata nata.

Saura batun abincin gida. Hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ya nuna cewa matar da ta ciyar daga abincin gidanta ba tare da ɓarna ba tana da lada, mijin da ya nemo shi ma yana da nasa. Malamai sun ɗora wannan a kan abin da aka san miji ba zai ƙi ba bisa al'ada, kamar malmalar tuwo ko ludayin fura, ba tiyar gero daga rumbu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ki zauna da shi sau ɗaya, lokacin da ransa ke sake, ku yanke abin da za ki iya bayarwa ba sai kin tambaya ba. Abin da kika samu daga ƙuli-ƙulinki ko ɗinkin hularki kuwa naki ne, kina da ikon bayarwa.

Wassalamu alaikum, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.