Amsoshin Tambayoyinku: Baƙar giyar Beljiyam da lemon malta, ɗaya ne?

Wani mai sauraronmu daga Nima a birnin Accra ya tambaya: tunda baƙar giyar Beljiyam tana da launi da zaƙi irin na Malta Guinness da ake sha a bukukuwan suna da aure a zango, me ya raba su?

To malam, tushensu ɗaya ne, wato tsiron sha'ir da aka gasa, amma daga nan hanya ta rabu. Ita malta ba a barinta ta tsimu. Giyar kuwa yisti ake zuba mata, ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, har a ƙara dafaffen sukari don ta daɗa ƙarfi. Shi ya sa masanan ɗanɗanonta ke cewa akwai zaƙin zabibi da dabino da ɓaure a cikinta, da ƙamshin kanumfari, sannan ɗumi ya biyo baya a maƙogwaro. Wannan ɗumin shi ne barasar. Misali, giyar Chimay mai shuɗiyar alama, wadda gidan ibadar Kirista na Scourmont da ya fara dafa giya a 1862 ke yi, tana da kashi 9 cikin ɗari. Giyar Rochefort 10 kuwa ta haura kashi 11, ninki biyu na giyar da aka saba gani.

Wani zai ce abin da ke da zaƙi haka ai ba zai bugar ba. Nan haɗarin yake, domin zaƙin ne ke rufe kaifin barasar har harshe ya kasa gane ta. Saboda haka, ko a shagon unguwarku ko a ƙasar waje, kada launi ko ɗanɗano su zama ma'auninka. Karanta rubutun jikin kwalbar kafin ka buɗe.