Zakkar Gona Da Maganin Mai Shaye-Shaye

 

A ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, cikin ƙasar Bagwai, akan sami saurayi ya fara haɗiyar Tramol don ya jure aikin gona, daga nan sai ƙwaya ta fi ƙarfinsa. Uba ya tambayi kuɗin gidajen gyaran hali masu zaman kansu, ya ji ko shinkafar shekara ya sayar ba za ta biya ba, sai hankalinsa ya koma ga mari.

To, Shari'a ba ta san sarƙa a matsayin magani ba. Imamul Buhari ya ruwaito cewa akwai wani mutum da aka yi ta kawowa gaban Manzon Allah (S.A.W.) saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa da Daura cikin 2019, na ɗaurarru masu gyambo, ya isa hujja, kuma a shekarar Gwamnatin Kano ta ba da umurnin rufe irin waɗannan gidaje.

Magani mai sauƙin kuɗi yana nan kurkusa. Asibitin Gwamnati na Dawanau, kan hanyar Katsina, yana duban masu wannan larura, haka ma ofisoshin hukumar NDLEA suna ba da shawara. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa ganin likita suke yi su koma gida. A hannun likita ne ya kamata a janye ƙwayar, domin yankewa farat ɗaya takan jawo ciwon jiki da rashin barci, har yaro ya koma ruwa.

Saura kuɗin mota da na magani. A nan ne zakka ta shigo. Wanda ya sami wusuƙi biyar na hatsi, watau sa'i 300, zai fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ne ya shayar, ko ɗaya bisa ashirin idan da inji aka yi ban-ruwa. Matalaucin da cuta ta kama yana cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Sai dai malamai sun hana a miƙa wa wanda ake zaton zai kashe ta a saɓo, saboda haka sai a danƙa wa waliyyinsa amintacce, da sanin limamin gari, ya raka shi Dawanau ranar ganin likita.