Yadda Za Ka Shawo Kan Kalmar "High" a Turanci

Ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC sukan yi tuntuɓe a kan kalmar high, kuma tushen matsalar daga gida yake. Mu da "dogo" da "tsawo" muke auna mutum da igiya da katanga da dutse. Bature kuwa ya raba aikin gida uku. Mutum da bishiya da bene tall ne. Igiya da hanya long ne. Dutse da katanga da duk abin da ke can sama high ne. Shi ya sa ake kiran dutsen Everest mai mita 8,849 high, benen Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 kuma tall.

Kuskuren nan yana iya jawo abin kunya. In ka ce my brother is high kana nufin yayanka dogo ne, mai sauraro zai ɗauka ƙwaya ya sha ko wiwi, ya bugu.

Sannan kalmar takan bar batun tsawo gaba ɗaya. A kasuwa high price tsada ce. A asibiti high blood pressure hawan jini ne, high temperature kuwa zafin jiki. High Court Babbar Kotu ce, high school kuma makarantar sakandare a Amurka. Wakilin Najeriya a Accra ko Landan High Commissioner ne, domin ƙasashen duk 'yan ƙungiyar Kwamanwel ne, amma na birnin Yamai ambassador ake ce masa. A Hausa dukansu jakadu ne.

To, mene ne abin yi? Daina haddace kalmar ita kaɗai. Samu ɗan littafi, duk inda ka ci karo da ita, a jarida ko rediyo, rubuta ta tare da kalmar da ta biyo ta, ka sa ma'anar Hausa a gefe.

Kula da wurare biyu da masu jarrabawa ke yawan ɗana tarko. Highly ba ta nufin sama. Ma'anarta "ƙwarai", kamar highly educated, wato mai zurfin ilimi. It is high time kuma tana nufin lokaci ya yi har yana neman wucewa, kuma aikatau na shuɗaɗɗen lokaci ke bin ta: it is high time we left. Wanda ya rubuta leave ya zubar da maki.