Haƙƙin Mai Saye Idan Abin Hawa Mai Garanti Ya Ƙi Gyaruwa

Da yawa daga cikin sababbin babura da adaidaita sahu da ke aiki a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya ana sayo su ne daga dilolin birnin Kano, wasu da kuɗin amfanin gona bayan kaka ko kuma bisa yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan. Abin da aikin lauya yake nunawa a ƙorafe-ƙorafen da suka shafi waɗannan ababen hawa shi ne, mai saye yakan rasa haƙƙinsa ne a cikin kai-komo tsakanin gida da shagon dila, ana ce masa ya dawo mako mai zuwa, har wa'adin da doka ta ba shi ya ƙare bai sani ba.

Garanti alkawari ne a rubuce daga kamfani ko dila cewa za a gyara aibin da ya taso daga ƙira, kyauta, cikin wani lokaci ko nisan tafiya da aka ƙayyade. Bayan wannan akwai kariyar da doka ta shimfiɗa ko da ba a rubuta komai ba. Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanada a sashe na 132 cewa mai saye yana da ikon mayar da kayan da suka gaza inganci cikin wata 3 daga ranar da ya karɓe su, ba tare da tara ba kuma ɗawainiyar tana kan mai sayarwa, wanda ya zama wajibi ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗin. Sashe na 145 kuwa ya ɗora wa mai sayarwa nauyin tabbatar da cewa kayansa lafiyayyu ne idan aka yi zargin aibi, haka kuma rubutun da ake gani a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kaya bayan an biya ba ya soke haƙƙin mayar da kaya. Fiƙihun Malikiyya ma ya san wannan babi da sunan zaɓin aibi, wato damar mayar da haja saboda illar da ta riga ciniki wadda mai saye bai san da ita ba.

Amma haƙƙi yana buƙatar shaida. Wajibi ne mai saye ya adana rasit mai ɗauke da lambar inji da katin garanti, ya kuma nemi takardar da ke nuna kwanan wata da abin da aka gyara duk lokacin da ya kai abin hawansa. Kada ya bari bakaniken unguwa ya kwance injin, domin da wannan ne dila yake kafa hujjar cewa garanti ya faɗi, kamar yadda lalacewar da lodi fiye da ƙima ko haɗari ya jawo ba ta shiga cikin alkawarin.

Idan matsalar ta dawo bayan gyaran farko, mai saye ya rubuta wa dila takardar neman musanya ko mayar da kuɗi, ya riƙe kwafi. In dila ya ƙi, ƙorafi yana zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, ko FCCPC da ke karɓar ƙorafi ta intanet, ko kotu. Ƙungiyoyin direbobi da masu babura a Rano da Kibiya za su tsare dukiyar 'yan'uwansu matuƙa idan suka riƙa sanar da duk wanda ya sayo sabo cewa lissafin wata 3 yana farawa tun ranar da ya karɓi makulli.