HULAR KWANO TA MASU TSERE A KAN ƘANƘARA

A waɗansu ƙasashe, kamar Holan da Kanada da Koriya ta Kudu, sanyi yana yin tsanani ƙwarai. Idan hunturu ya yi, ruwan tafki yakan daskare ya zama ƙanƙara. Kun san ƙanƙarar da kan faɗo tare da ruwan sama, ƙanana kamar tsakuwa. To, tasu ba haka take ba. A shimfiɗe take kamar daɓen ɗaki, ga tauri, ga santsi. Yanzu ma har manyan ɗakuna suke ginawa, inji yana daskarar da ruwa a ciki ko lokacin zafi ne.

A kan wannan ƙanƙara mutane suke yin tsere. Suna sa takalmi wanda aka ɗaura wa ƙarfe a ƙasa. Ƙarfen dogo ne, siriri, kamar wuƙa. Tsawonsa ya kai santimita 40 ko fiye, kaurinsa kuwa milimita ɗaya ne da ɗan kai. A kansa mutum yake sulɓi. Gwani yana gudun kilomita 50 a awa ɗaya, watau wajen mil 30, gudun babur ke nan.

Tseren iri biyu ne. Akwai na babban fage, mai kewayen mita 400. A nan yawanci mutum biyu ne suke gudu, kowa da hanyarsa. Akwai kuma na ƙaramin fage, mai kewayen mita 111. A nan mutum huɗu, ko shida, ko fiye, suke tashi gaba ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Kwana tana da matsi, har sai mutum ya karkata ya dafa ƙanƙara da hannun hagu. In ɗaya ya faɗi, sau da yawa yakan kwashe na kusa da shi. An fara ba da lambar yabo ta wannan tsere a wasannin Olamfik a shekarar 1992, a garin Albertville na Faransa.

Ƙungiyar duniya mai kula da wasan, wadda ake kira ISU, ta sa doka. Ba mai shiga tseren ƙaramin fage sai da hular kwano. A babban fage ma akwai tseren da ake sakin mutane da yawa gaba ɗaya. Ya shiga Olamfik a 2018, shi ma tilas ne a sa hula.

To, yaya ake ƙera wannan hula?

Mu fara da kai kansa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi. Tana zaune cikin ƙoƙon kai, ruwa yana kewaye da ita. Ku zuba kunu a ƙwarya, ku yi sauri da ita, sa'an nan ku tsaya cak. Ƙwarya ta tsaya, amma kunu bai tsaya ba, sai ya bugi gefe. Haka ƙwaƙwalwa take yi idan kai ya bugi ƙanƙara. Ko ƙashi bai fashe ba, ita ta ji ciwo. Mutum yakan suma, ko ya yi jiri da amai, ko ya manta abin da ya faru.

Saboda haka babban aikin hula shi ne ta hana kai tsayawa cak. Mutane da yawa suna tsammani taurin hula shi ne kyawunta. Ba haka ba ne. Da za a kifa wa mutum tukunyar ƙarfe a ka, ya faɗi, bugun zai ratsa tukunyar ya same shi duka.

Abin da ke ceton kai yana ciki. Wani farin abu ne marar nauyi, irin wanda akan tarar cikin kwalin sabon rediyo. Cike yake da ƙananan ramuka masu iska. Idan kai ya bugu, ramukan nan sai su murƙushe ɗaya bayan ɗaya. Suna murƙushewa, gudun kan yana raguwa a hankali. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, amma ɗan jinkirin nan shi ne tsakanin ciwon kai da kabari.

Ku lura da wannan da kyau. Farin abin nan in ya murƙushe, ba ya komawa yadda yake. Hula ta lalace domin kai ya tsira. In ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya, ta gama aikinta, ko da waje yana nan yana ƙyalli. Sai a sake wata. Hular kwanon da ɗan acaɓa yake sawa, irin wannan farin abu ne a cikinta, hukuncinsu kuwa ɗaya ne.

Bayan hular kuma ɓawo ne na roba mai tauri. Shi ne yake baza bugun, kada ya taru wuri ɗaya. Doka ta ce hular kada ta zama da tsini ko ƙaho. Dalili, idan mutum ya faɗi yana sulɓi, hula mai santsi da kewaye sai ta bi shi. Mai tsini kuwa tana iya maƙalewa, ta murɗe masa wuya.

Sai batun ramukan iska, nan ne maƙeri yake shan wahala. Mai tsere yana zufa ko da a kan ƙanƙara yake. Yana son iska ta shiga. Hular masu tseren keke tana da manyan ramuka dogaye saboda haka. Amma ku tuna da wuƙar da ke ƙafar kowa. Mutum ya faɗi, na bayansa ya faɗo masa ƙafa a sama. Rami mai tsawo ƙofa ce ga wannan ƙarfe. Don haka ramukan wannan hula ƙanana ne, yadda ƙarfen ba zai ratsa ba. Gara zufa da jini.

Nauyi ma haka. In an ƙara kauri, kariya ta ƙaru, amma wuya zai gaji, iska kuma za ta riƙa tare mutum. Yawanci hular ba ta kai rabin kilo ba. Akwai maɗauri a ƙarƙashin haɓa. Hular da ba a ɗaure ba takan fice tun kafin kai ya isa ƙasa.

Waɗansu masana a ƙasar Suwidin, likitan ƙwaƙwalwa Hans von Holst da injiniya Peter Halldin, sun lura da wani abu. Kai ba safai yake faɗuwa tsaye ba. A karkace yake buguwa, sai ya juya, ƙwaƙwalwa ta murɗe. Suka ƙago wani siririn shafi mai santsi a cikin hula, ana kiransa Mips. Yana barin hula ta ɗan zame a kan kai, kamar faɗin ɗan yatsa, domin a rage murɗewar.

Kafin a sayar da sabuwar irin hula, sai an gwada ta. Akan sa ta a kan wani kai na ƙarfe, a sako shi daga sama a kan maƙera. Akwai na'ura a ciki mai auna ƙarfin bugun. In ya wuce ƙa'ida, ba a yarda da hular ba.

Amma fa hula ba ta tsare kome da kome. Akwai wani mutumin Ostareliya, Steven Bradbury. A 1994 ƙarfen takalmin wani ya yanke masa cinya, har aka yi masa ɗinki 111. A 2000 kuma ya faɗi wajen horo, ya bugi shinge da ka, ya karya ƙashin wuya. Ya warke ya dawo. A Olamfik na 2002, a tseren mita 1,000, shi ne na baya. Aka zo kwanar ƙarshe, mutum huɗun da ke gabansa suka faɗi gaba ɗaya. Ya wuce su ya ci zinariya. Saboda irin raunukan nan, masu tsere suna sa abin kare wuya, da safar hannu, da tufar da ƙarfe ba ya yankawa da sauƙi. Gefen fage kuma an jera katifu.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa tukunyar ƙarfe ba za ta yi aikin hular kwano ba?
2. Don me ramukan wannan hula suke ƙanana?
3. Hula ta sha bugu mai ƙarfi, amma waje bai fashe ba. Me za a yi da ita?
4. Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: ƙanƙara, ƙwaƙwalwa, maɗauri, murƙushe.