Koyon rawar teke

Paraku da Jugu manyan garuruwa ne a arewacin ƙasar Benin. Tsakaninsu akwai tafiyar kilomita fiye da 130. Tun zamanin fataken goro Hausawa ke zaune a zangunansu.

Wani yaro ɗan Jugu ya zo hutu Paraku, gidan kawunsa. Ran nan ya ga samarin Bargawa suna rawar teke. Kowa na riƙe da sanda, yana kara ta da ta abokinsa daidai da kiɗin ganga. Ta yi kama da takai, rawar Hausawa.

Yaron ya ɗauki sanda, ya faɗa fage. Nan da nan ya kuskure, ya bugi yatsan wani saurayi. Kiɗa ya tsaya. Kunya ta kama shi.

Kawu ya ce: «Je ka ba shi haƙuri, ɗana. Sannu ba ta hana zuwa.»

Saurayin ya yafe masa, har ya zama malaminsa. Da farko yaron ya saurari ganga yana tafi. Sannan ya koyi taku, babu sanda. Daga baya suka riƙa kara sanduna a hankali, su biyu. Kafin hutu ya ƙare, ya shiga fage, bai bugi kowa ba.

Tambayoyi
1. Da me ake rawar teke?
2. Don me kiɗa ya tsaya?
3. Me yaron ya fara koya?