Kwance Karenka, Ku Taka Ƙasa Tare

Aikina duba lafiyar bisashe ne a yankin Dakoro, kuma a karkarar Azagor na fi yawan zagaye. Allurar shanu da awaki da raƙuma ke kai ni rugage da zangonni, amma ba na tashi daga gida sai na tambayi lafiyar karensu.

Bara da bazara wani dattijo ya aika a kira ni. Karensa dogo ne siriri, irin na Azawak da Buzaye ke ji da shi, mai gudun tsiya. Na tarar da shi ɗaure a gindin aduwa, ya tone ƙasa har rami, kowa ya gifta sai haushi.

"Likita, ko hauka ya taɓa shi?"

Na duba, na yi tambayoyi. Yana ci, yana sha, ya san mutanen gida. Na ce, "Baba, yaushe rabonku da fita tare?" Sai ya yi shiru. Shekara biyu ke nan da ya miƙa garke ga ƴaƴansa ya sayi babur. Da can shi da karen ke bin shanu zuwa rijiya wajen kwarin Tarka, su dawo da la'asar. Yanzu kare na igiya, shi kuma yana tabarma, har a asibiti an faɗa masa jininsa ya hau. Zama ne ya kama su su biyun.

Ni ba likitan mutane ba ne, maganin da aka rubuta masa na ce ya riƙe. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Makiyayi yana ninka wannan bai ma sani ba. Wanda ya ajiye sanda ne ke buƙatar mai tashinsa, kuma kare da ya saba da fita ba ya mantuwa da lokaci. Malamanmu na Malikiyya ba su hana riƙon kare don gadi da kiwo da farauta ba, to wanda ka riƙe, haƙƙinsa na wuyanka.

Lokacin fita shi ne bayan asuba ko la'asar sakaliya. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kare kuwa ba ya zufa irin tamu, da haki yake huce jikinsa. Ɗora bayan hannunka a yashi. In ba ka iya jurewa, tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. A riƙe gorar ruwa, a fara da gajeriyar tafiya. Bayan an dawo a buɗe tsakanin yatsunsa a cire ƙarangiya, a duba kunnuwa saboda kaska.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kai: kafin a kwance igiya, a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kusan 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Na yi wa karen dattijon allura ran nan. Da na koma bayan damina, a hanyar rijiya na gamu da su da sassafe, shi da sandarsa, karen na gaba yana waiwayensa. Ya ce babur ɗin sai ranar kasuwa yake hawa.